Bayan Ruwa Ya Janye: Karatun Da Ke Koyar Da Aikin Agaji

Da asubahin 10 ga Satumba, 2024, ruwan madatsar Alau ya mamaye unguwannin Maiduguri, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. Jama'a sun yi abin a yaba. Shinkafa da tabarmi da barguna aka yi ta aikawa daga ko'ina, har sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da aka rufe sai da aka sake buɗe shi. Ba a cika wata guda ba gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara. An gudu gara an faɗa gidan zago.

Wannan ba sabon abu ba ne ga masanan kiwon lafiyar al'umma. Sau da yawa cunkoso da gurɓataccen ruwa da rashin masai, waɗanda ke biyo bayan bala'i, su ne babban abin tsoro ga waɗanda suka tsira. Hana wannan mutuwa ta biyu ilimi ne mai zaman kansa, ana yin digiri na biyu a kansa a fannin kiwon lafiyar al'umma, ɓangaren shawo kan bala'o'i da ayyukan jinƙai.

Fannin ya samu siffarsa ta yau ne bayan wani babban abin kunya. A watan Yulin 1994, bayan kisan kiyashin Ruwanda, mutane fiye da rabin miliyan suka kwarara garin Goma na ƙasar Zayar, wadda yanzu ake kira Kwango, cikin 'yan kwanaki. Ƙasar wurin busasshen aman dutse ce, diga ba ta cinta, ba a iya haƙa masai balle kabari. Kowa na ɗiban ruwa a tafkin Kibu. Cikin wata na farko kwalara da atini suka kashe kimanin mutum 50,000. Ƙungiyoyin agaji sun cika wurin, kuɗi ma sun samu, amma wasu ma'aikatan ba su taɓa jinyar mai kwalara ba. Abin takaicin shi ne tun 1971 wani likitan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya nuna a sansanin 'yan gudun hijirar Bangladash cewa ruwan gishiri da sukari na iya rage mutuwar masu kwalara daga kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Binciken da aka yi bayan Goma ne ya kai ƙungiyoyin agaji da Red Cross ga kafa shirin Sphere a 1997, wanda ya tsara mafi ƙarancin abin da ya wajaba a ba wanda bala'i ya shafa.

Littafin Sphere yana cikin abubuwan farko da ake ɗora wa ɗalibi, kuma cike yake da lissafi. A ce sansani mai mutum 10,000. Kowa na buƙatar aƙalla lita 15 na ruwa a rana don sha da girki da tsafta, wato lita 150,000 kullum. Idan tanka na ɗaukar lita 10,000, sawu 15 ke nan, ba Juma'a ba Lahadi, kuma sai an sa kilorin an auna shi a bakin famfo. Masai ɗaya ga mutum 20, wato 500, na mata daban, da fitila da sakata, domin macen da ke tsoron fita da dare bayan tanti za ta zaga. Sannan a ƙirga mamata. Idan fiye da mutum ɗaya ke rasuwa kullum a cikin 10,000 ɗin nan, an shiga halin gaggawa ko da babu wanda ya ji ƙarar komai. To ta yaya za a san adadin, alhali mu mutane ne masu gaggauta kai mamaci makwancinsa? Nan dabara ke shigowa: a ɗauki mai lura da maƙabarta, a tambayi limamai, a riƙe lissafin likkafanin da aka raba.

Daga nan sai sanin abin da ke gaba da wani. Mai zuciyar taimako zai so ya fara da gina asibiti. Wanda ya yi karatun zai fara da allurar rigakafin ƙyanda ga yara daga wata 6 zuwa shekara 15, domin ƙyanda a cunkoso, a jikin yaro mai yunwa, ba ta da sauƙi. Zai zaro ɗan tef mai launin kore da rawaya da ja, ya naɗa a damtsen yaro. In ya nuna ƙasa da santimita 11.5, ja ke nan, tamowa ta yi tsanani. Ƙasar Hausa tana da hannu a tarihin wannan jinya. A yunwar 2005 a Nijar, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000, akasari a jihar Maraɗi, da abincin nan na gyaɗa da madara mai zuwa a 'yar leda, kuma yawancinsu a gida uwayensu suka ba su. Kafin lokacin, kwantar da irin waɗannan yara a asibiti shi ne al'ada, gadaje kuwa ba su taɓa isa ba.

Karatun yana gyara wasu kurakurai da suka zauna a zukata. Ana yawan cewa gawarwakin ambaliya ko girgizar ƙasa na haddasa annoba, don haka a tura su rami ɗaya da katafila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayanin cewa ba haka ba ne: wanda ruwa ya ci ba da cuta ya mutu ba. Akwai damar a gane shi, a yi masa sutura, iyalansa su san kabarinsa. Gawar mai kwalara ko Ebola ce ke buƙatar taka-tsantsan na musamman. Ana kuma koyar da cewa mai agaji kansa na iya zama musiba. Kwalarar da ta kashe kusan mutum 10,000 a Haiti daga 2010 ta fito ne daga sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma sai a 2016 majalisar ta nemi afuwa.

Ba likita kaɗai ke shiga fannin ba. Ma'aikatan jinya da injiniyoyin ruwa da masana abinci da masu nazarin taswira duk suna da gurbi. A waje, Jami'ar Johns Hopkins a Amurka da makarantun nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi na Landan da Libaful sun yi suna. A gida, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, wadda aka kafa a 1999, ta tallafa wajen buɗe cibiyoyin nazarin bala'o'i a jami'o'i shida, ciki har da ta Ahmadu Bello a Zariya, da ta Maiduguri, da ta Fasaha a Minna. Akwai kuma shirin horar da masu bin diddigin annoba da aka fara a 2008, wanda ake yi tare da jami'o'in Zariya da Ibadan, kuma mafi yawansa a fagen aiki ake yin sa.

A ganina lokaci ya yi da matasanmu za su ɗauki fannin da gaske, ba don albashin dala ba, wanda ma ya fara ƙafewa tun da Amurka ta rushe hukumar agajinta ta USAID a 2025. Baƙo ƙwararre kan iso bayan kwanaki, da tafinta, ya tafi idan kwangilarsa ta ƙare. Wanda ke jin Hausa da Kanuri da Fulatanci, ya san dalilin da zai hana matar aure bin layi ɗaya da maza, shi ya fi dacewa ya riƙe lissafin a hukumar agajin jiha ko sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Sai dai kafin mutum ya biya kuɗin makaranta, ya bincika. Wasu kwasa-kwasan sun fi karkata ga taswira da tsarin mulki, ba lafiya ba. Ya tambaya ko ana koyar da nazarin yaɗuwar cuta da ƙididdiga da harkar ruwa da tsafta, ko malaman sun taɓa aiki a sansani, da kuma wata nawa ɗalibi ke yi a fage kafin a ba shi takarda.