Jos: Makarantun fim sun wadata a sama, ɗan sakandare na neman dandali

A watan Janairun 2024, da Shugaba Bola Tinubu ya naɗa Ali Nuhu ya shugabanci Hukumar Fina-finai ta Najeriya, sai hankalin jama'a ya sake komawa kan wani abu da aka daɗe da sha'afa: hedikwatar wannan hukuma da aka kafa a 1979 a Jos take. A ƙarƙashinta akwai Cibiyar Koyar da Harkar Fim ta Ƙasa, wadda ke ba da digiri da haɗin gwiwar Jami'ar Jos. A Rayfield akwai Kwalejin Talabijin ta NTA mai alaƙa da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ita kanta Jami'ar Jos tana da sashen wasan kwaikwayo da fim da ya yi suna a ƙasar nan. Da wuya a sami wani gari a Arewa da gwamnatin tarayya ta tara wa makarantun wannan fanni haka.

Sai dai dukkansu ƙofarsu ba ta buɗuwa sai ga wanda ya gama sakandare. Yaro mai shekara 13 da Allah ya hore wa murya, ko yarinya da ke iya kwaikwayon tafiyar kowace malama a makarantarsu har 'yan aji su yi ta dariya, ba su da wani aji na gwamnati da aka keɓe domin a rene musu wannan baiwa. Tambayar ingancin karatun kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo a sakandaren Jos daga nan ta fara.

Ba a musun abin da garin ya haifar. A farkon shekarun 1980 a nan aka shirya Cock Crow at Dawn, wasan NTA da ya tara iyalan Najeriya gaban akwatin talabijin, wanda Bongos Ikwue ya rera waƙar buɗe shi. Behind the Clouds ya biyo baya. Sani Mu'azu ɗan Jos ne. Kenneth Gyang, wanda fim ɗinsa Confusion Na Wa ya ci kyautar gwarzon fim a gasar AMAA ta 2013, a Cibiyar Koyar da Harkar Fim ya yi karatu, kuma shi ya shirya fim ɗin Hausa Blood and Henna. Patrick-Jude Oteh ya kafa ƙungiyar wasan dandali ta Jos Repertory Theatre a 1997, wadda ke shirya bikin wasannin kwaikwayo na garin. A fagen waƙa akwai M.I Abaga da Jesse Jagz da Ice Prince da tagwayen P-Square.

In aka bi sawun yadda waɗannan mawaƙa suka fara, ba a cika tarar da darasin aji ba. Peter da Paul Okoye a ƙungiyar kiɗa da wasan kwaikwayo ta makarantar St. Murumba suka soma rawa da kwaikwayon Michael Jackson, wato a ƙungiyar bayan an tashi daga karatu, wadda ba a yi mata jarrabawa ba, ba a kuma rubuta sakamakonta a takardar shaida. Da yawa daga cikin makaɗan garin a coci suka fara taɓa jita da ganga. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ta hanyar da kakanni suka bi ya samu nasa: mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, sarkin ya riƙe shi bayan rasuwar iyayensa, ya tashi yana kallo yana gwadawa har kuntigi ya zauna a hannunsa. Duk hanyoyi ne masu albarka, amma sun dogara ga sa'a. Sai an dace da malami mai sha'awa, ko coci mai kayan kiɗa, ko gidan da sana'ar ta zama gado. Wanda bai dace ba, babu mai jin labarinsa.

A takarda kam, manhaja ba ta yi shiru ba. Hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC, ta sanya darasin al'adu da fasahar ƙirƙira a firamare da ƙaramar sakandare, inda aka cusa zane da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo cikin darasi guda. Matsalar a bayyane take ga duk wanda ya san aikin koyarwa. Kwalejojin ilimi suna horar da malamin zane daban, malamin kiɗa daban, malamin wasan kwaikwayo daban. Makaranta kuwa, in ta samu ɗaya daga cikinsu, shi za a ɗora wa duka huɗun. Malamin da ya karanci zane zai koyar da abin da ya sani da hannu, sauran ya rubuta su a allo a kwafa. Ta haka yaro ke haddace ma'anar rawa da ire-irenta, ya amsa tambaya daidai a jarrabawa, bai taɓa ɗaga ƙafa ba.

A babbar sakandare abin ya fi ƙunci. Hukumar WAEC tana jarraba kiɗa da zane, amma wasan kwaikwayo littafi ne da ake karantawa a darasin adabin Turanci ko na Hausa. Ɗalibi na iya cin jarrabawa da kyakkyawan sakamako a kan wani wasa, ya fayyace jigonsa da halayen taurarinsa, alhali bai taɓa tsayawa gaban mutum goma ya furta layi ɗaya daga cikinsa ba. Da wannan sakamako da makin JAMB zai nemi sashen wasan kwaikwayo na jami'a. Malaman jami'a sai su ɓata shekarar farko suna koyar da numfashi da fitar da murya da tsayuwa a dandali, abubuwan da jiki ya fi saurin ɗauka tun yana ɗanye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a rawa da kiɗa wannan magana ta jiki ce da kunne kafin ta zama karin magana.

Kuma da me ake auna makaranta mai kyau a Jos, ko a ko'ina cikin ƙasar nan? Da yawan ɗaliban da suka samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Shugaban makaranta ya san wannan, iyaye sun sani, mai makarantar kuɗi ya fi kowa sani. Saboda haka da zangon jarrabawa ya ƙarato, ƙungiyar wasan kwaikwayo ce farkon abin da ake dakatarwa. Ba na ganin laifinsu sosai. Mutum ba ya zuba ƙarfinsa inda ba za a tambaye shi lissafi ba.

Ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske sun bi wata hanya. A birnin New York na Amurka akwai makarantar LaGuardia, ta gwamnati, wadda ake shiga bayan gwajin baiwa a gaban alƙalai; labarin ɗaya daga cikin makarantu biyu da aka haɗe ta zama ita ne ya haifar da fim ɗin Fame na 1980. A kudancin Landan akwai BRIT School da aka buɗe a 1991, kyauta ake karatu, gwamnati da masana'antar waƙa suna haɗa hannu wajen ɗaukar nauyinta, kuma Adele da Amy Winehouse sun zauna a azuzuwanta. Abin lura a makarantun biyu shi ne yaro yana yin lissafi da kimiyya da harshe kamar kowa, sannan a ware masa sa'o'i na atisaye a jadawalin mako, a hannun malaman da su ma suka yi sana'ar. In baiwar ba ta kai shi ko'ina ba, takardarsa ta sakandare tana nan daram.

Wannan batu na ƙarshe shi ne amsar damuwar iyaye da yawa, musamman a gidajen Hausawa na Unguwar Rogo da Gangare da Dilimi. Uban da ya ji an ce za a koya wa ɗiyarsa rawa a makaranta ya ɗaure fuska yana da dalili. Yana tuna yadda al'ada ta daɗe tana kallon kiɗa a matsayin roƙo, yana kuma kallon abin da ke yawo a wayoyin yara. An ga ƙarfin wannan damuwa a 2016, lokacin da shirin gwamnatin tarayya na gina ƙauyen fim a Kano ya rushe saboda adawar malamai da jama'a. Duk mai rubuta takardar shawara a Abuja da ya tsallake wannan, aikin banza yake yi. Amma yana da kyau a tuna cewa rubutaccen wasan kwaikwayon Hausa a makaranta ya girma. Malam Aminu Kano yana malamin makaranta ya yi amfani da wasa wajen sukar zalunci, kuma littattafai irin su Wasan Marafa na Abubakar Tunau da Uwar Gulma na Muhammad Sada da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi sun ratsa azuzuwan Arewa shekara da shekaru. Har gobe makarantun Islamiyya suna shirya wasannin faɗakarwa ranar walimar sauka, iyaye na zaune suna tafi. Abin da uba yake so ya sani shi ne wa zai koyar, me za a koyar, da ƙarfe nawa ɗiyarsa za ta dawo gida.

Jos tana da wani dalilin nata na daban. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun raba unguwanni da kasuwanni, makarantu da yawa ma suka bi layin unguwannin da suke ciki. Yaran da iyayensu suka yi aji ɗaya yanzu suna iya gama sakandare ba su taɓa zama benci guda da ɗan ɗaya ɓangaren ba. Wasan dandali ba ya yiwuwa sai mutum ya saurari abokin wasansa, ya jira shi ya gama, ya dogara da shi makonni ana atisaye. Taron bita na zaman lafiya a otal ba ya yin wannan aiki.

To me ya hana? Ma'aikatan tarayya sun fi kowa sanin amsar, domin a teburinsu take. Manhaja da makarantun haɗaka na hannun Ma'aikatar Ilimi. Hukumar Fina-finai da cibiyarta na ƙarƙashin ma'aikatar al'adu da tattalin arzikin ƙirƙira da Hannatu Musawa ke jagoranta tun 2023. Kwalejin NTA kuma ta Ma'aikatar Yaɗa Labarai ce. Ma'aikatu uku, gari ɗaya, kowacce da kasafinta da fayilolinta. Wajen kuɗi ma haka: dokar UBEC ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na tarayya ga ilimin bai-ɗaya, wanda ya tsaya a aji uku na ƙaramar sakandare, asusun TETFund kuma tun 2011 na manyan makarantu ne kaɗai. Babbar sakandare ta faɗa tsakanin biyu, yawancin nauyinta a wuyan jihohi, abin da ya sa aka samar da hukumar kula da manyan sakandare ta ƙasa. A jerin makarantun haɗaka akwai kwalejojin kimiyya da fasaha, akwai makarantar masu hazaƙa a Suleja, amma babu wadda aka keɓe wa kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo.

A ganina ba sabon gini ake buƙata da farko ba. An sha ganin allon suna da yankan ƙyalle, sannan ciyawa ta cinye harabar. Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Jos tana nan da azuzuwa da ɗakunan kwana da ɗalibai daga jihohi daban-daban. Cibiyar fim da kwalejin NTA da jami'a suna da malamai da kyamarori da ɗakunan ɗaukar murya, duk cikin tafiyar mintuna a mota. Yarjejeniya tsakanin ma'aikatun uku da za ta buɗe sashen gwaji a makaranta ɗaya, da sa'o'in atisaye a cikin jadawali, da gwajin shiga, da maki na aikin dandali da zai bayyana a takardar ɗalibi, ba ta kai kuɗin ayarin motoci guda ba. Wahalarta ita ce sai wani darakta ya yarda fayil ɗinsa ya fita daga ma'aikatarsa.

An taɓa yin irin wannan haɗin gwiwa a Jos, kuma ya yi aiki. Bayan an gano faifan fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka shirya a 1976 aka kuma ɗauka ya ɓace, Hukumar Fina-finai ta haɗa kai da cibiyar Arsenal ta Balin aka gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na birnin a 2018. Daga wannan alaƙa aka buɗe kwas na adana fina-finai a Jami'ar Jos a 2019, tare da Jami'ar Goethe ta Jamus. Shi ma kwas ɗin na digiri na biyu ne.