Cinikin Kunu da Zoɓo a Yakasai

Duk wanda ya shigo birnin Kano ta Ƙofar Mata da hantsi, ya wuce Asibitin Murtala ya nufi Kasuwar Rimi da ke maƙwabtaka da Yakasai, lalle zai tarar da wata sana'a wadda ba ta da rumfa guda tata, alhali kuwa rumfuna da yawa da ita suke rayuwa, wato sana'ar abin sha na gida: kunun zaƙi, da zoɓo, da kunun aya, da lamurje.

Hajjar wannan sana'a daga nesa take taruwa. Gero da dawa da busasshen zoɓo galibi daga Dawanau ake saro su buhu-buhu, a auna wa mata da mudu a Rimi. Citta daga kudancin Kaduna take zuwa, wajen Kachiya. Kanumfari da dabino kuwa, akasarinsu sai sun ƙetaro iyaka. Zoɓon nan da talaka yake sayen rabin mudu, shi ne fatake suke lodawa zuwa Meziko, saboda haka in kasuwarsa ta buɗe a can, sai mai dafawa a lungun Yakasai ta ji a jikinta.

Amma asalin aikin a cikin gida yake, a hannun matan aure waɗanda mai saye bai taɓa ganin fuskarsu ba. Mace za ta jiƙa gero, ta kai markaɗe tare da citta da kanumfari da masoro da ɗan dankali, ta raba ƙullun biyu, ta dama kashi ɗaya da tafasasshen ruwa, in ya huce ta zuba masa ɗanyen, ta rufe ya kwana; da asuba ta tace, ta sa sukari, ta ɗura a gorori, yara su fita talla. Kwanan nan da yake yi shi ne sirrin daɗinsa, domin a cikinsa ne ɗan tsami yake shiga, kuma a nan ne gwanaye suke bambanta da 'yan koyo.

Tsamin nan ne yake jawo maganar giya. A ƙasashen Turawa ƙananan masu yin giya sun shiga rage mata ƙarfi domin a sha ba a bugu ba, to amma wannan mas'ala fuƙaha'un mazhabar Malikiyya sun daɗe da yanke ta, cewa abin da mai yawansa yake sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Dawar da ake kunu da ita, da ita ake burukutu. Cikin abin da ya raba su akwai niyya da tsawon lokacin da aka bar ta tana tashi. Tun zamanin Turawa a Sabon Gari aka keɓe cinikin giya, bayan ganuwa, sa'an nan aka ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000, aka kafa Hukumar Hisba a 2003. Don haka mai kunun Yakasai da lokaci take tsere: abin da ya wuce wuninsa ya fara kumfa, zubarwa take yi, ta ɗauki hasara ta tsira da mutuncinta.

Ribar kuwa ƙanƙara ce take cinye ta, musamman da bazara in wutar lantarki ta yi ƙaranci, kuma kunun aya, wanda ya fi tsada, shi ya fi saurin lalacewa. Watan Ramadan ne kakar wannan ciniki, yayin da tun daga la'asar ake layi a ƙofofin gidajen da suka yi suna.

Abin da ya wajaba ga masu sana'ar shi ne tsabtar ruwa da wanke gororin da aka riga aka yi amfani da su, domin halaccin abin sha bai ɗauke wa mai sayarwa alhakin lafiyar mai saye ba.