Takalmi da ciwon baya a ƙasar Tasawa da Mayahi: daga kalmomi zuwa hujjojin likitanci

A cikin wannan maƙala muna son mu duba wata magana da ta yaɗu a rubuce-rubucen wayar da kai kan kiwon lafiya, wato cewa irin takalmin da mutum ke sawa shi ke jawo masa ciwon baya ko ya raba shi da shi. Mun ɗauki gundumomin Tasawa da Mayahi, a jihar Maradi, a matsayin fagen misali.

Tun wajen fassara ake cin karo da matsala. Abin da Bafaranshe ke kira dos, Bahaushe ya rarraba shi: akwai gadon baya, akwai ƙugu, akwai kwankwaso da tsatso. Ita kalmar baya kanta tana nufin gaɓar jiki, da wuri, da lokaci. Saboda haka wanda ya fassara lombalgie da "ciwon baya" bai yi kure ba, amma ya faɗaɗa ma'ana; manomin da ya wuni a duƙe kwankwasonsa zai nuna. Daga cikin ƙasusuwa 33 da suka haɗa ƙashin baya, biyar ne ke wannan yanki na ƙasa, kuma su ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin gangar jiki. Ƙididdigar da OMS ta yaɗa a 2023 ta nuna mutum miliyan 619 ne suka yi fama da wannan ciwo a duniya a 2020, kuma kusan kashi 90 cikin 100 ba a iya danganta ciwonsu da wata cuta takamaimai.

Ta fannin takalmi ma harshe ya fi takardun wayar da kai wadata. Muna da fade da balka na dukawa, da sambatsai, da dangarafai na itace, da huffi, da kurufa ta mahaya, sannan sau-ciki, da silifa, da takalmin taya. Mafi yawansu shimfiɗaɗɗu ne, ba su da tudun dunduniya. Ke nan gargaɗin da ake fassarowa game da takalmi mai tsini ya shafi ƴan matan gari ranar biki, ba matar da ke zuwa rijiya ba. Ko a kan mai tsinin, abin da aka tabbatar shi ne yana tura nauyi kan ƴan yatsu, yana ƙara wa gwiwa aiki. Zancen cewa yana ƙara lanƙwasar kwankwaso kuwa, sakamakon gwaje-gwaje ya saɓa wa juna.

Gaskiya ne cewa ƙafa da baya a haɗe suke. Tafin ƙafa, mai ƙasusuwa 26, shi ke fara karɓar dukan ƙasa, ya miƙa wa idon sawu, gwiwa, ƙugu. Silifar da ba ta kama dunduniya tana sa mai tafiya ya riƙa danƙe ta da yatsu, ya gajarta taku. Takalmin da ya cinye ta gefe ɗaya yana karkata sawu. Sai dai daga nan zuwa cewa sauya takalmi magani ne, akwai tazara. Nazarin Cochrane na 2007 ya sami ƙaƙƙarfar hujja cewa shimfiɗar da ake sawa cikin takalmi ba ta hana ciwon baya, kuma a 2016 hukumar NICE ta Ingila ta shawarci likitoci kada su rubuta ta domin ciwon kwankwaso. A ganinmu wannan ya isa a daina sa talaka kashe kuɗin hatsinsa a kan irin waɗannan kaya.

A ƙasar jigawa kamar ta Mayahi da gefen Gulbin Kaba, ƙasar ce da kanta ke sauya lissafi. Rairayi yana shanye dukan sawu, aikin da ake sayen takalmi mai taushi dominsa a kan kwalta. Amma tafiya a cikinsa, bisa awon da aka yi a jami'ar Louvain a 1998, tana cin ƙarfi fiye da ninki biyu na tafiya a kan tsandauri. Amfanin takalmi a nan wani ne daban: kariya daga ƙarangiya, da tsidau, da ƙayar aduwa, da kunama, da zafin rairayi a bazara. Kuma ta wannan hanya ce ya fi shafar baya, don wanda ƙaya ta soke zai yi kwanaki yana ɗingishi, nauyinsa a gefe ɗaya. Ga mai ciwon sukari, wanda ƙafarsa ta daina jin rauni, rufaffen takalmi ya zama tilas.

Abin da ya fi takalmi nauyi a kan kwankwaso shi ne aiki. Claude Raynaut, a nazarinsa na 1984 kan kayan noma na yankin Maradi, ya yi bayanin noman tsaye da hauya mai dogon ƙota da kuma noman duƙe da gajeriyar ƙota. Bambancin da ke tsakaninsu ga baya ya wuce na kowane takalmi biyu. A ƙara da jan guga a rijiya mai zurfi, da daka, da tulu a ka, da goyo.

Akwai dai wuri ɗaya da takalmi ke zama magani na haƙiƙa: inda ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, galibi bayan shan inna ko karayar da ta ɗoru a karkace. Idan bambancin ya kai kamar santimita 2, ƙugu na iya karkata, kuma ƙarin tudu a ƙasan takalmi ɗaya, aikin da baduku zai iya idan likita ya ba shi awo, yana rage wahala.

Wajibi ne kuma duk takardar da za a fassara ta ambaci alamomin da ba ruwansu da takalmi: ciwon baya tare da zazzaɓi da rama da gumin dare, wanda kan nuna tarin fuka na ƙashin baya, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari. Mai irin waɗannan alamomi asibitin gunduma ya kamata a kai shi, ba tare da jinkiri ba.