Famfon da ba ya shan ruwa

Duk manomin wake a Gesheme ya san wahalar feshi: ka ɗebo ruwa daga rijiya, ka goya famfo mai lita 15, kana tafe kana bugawa har kafaɗa ta sage. To amma a shekarun 1980 an shigo da wani famfo gonakin wake na arewacin Najeriya, Electrodyn na kamfanin ICI na Ingila, ƙirar Ronald Coffee. Sanda ce kawai, da batirin tocila 4 da ƴar kwalba rufe ruf. Ba abin bugawa, ba injin da ke juyawa, amma lita 1 ko ƙasa da haka ta ishi hekta guda. Wani abin ɗaure kai kuma, in ka zuba masa maganin da aka dama da ruwa, ba ya yi. Ina dalili?

Mu fara da abin da ke tura maganin. Wanda ya taɓa jan bargo cikin duhu da hunturu ya ga tartsatsi ƙyal-ƙyal, ya san irin wutar nan. Sandar tana ɗaga ƙarfin batiri zuwa bolt 25,000. Ɗigon da ke rataye a bakin kwalba sai wutar ta ja shi ya yi tsini kamar kan malfa, siffar da Geoffrey Taylor ya yi bayaninta a 1964. Daga tsinin wani siririn zare ke fita, ya tsintsinke ya zama raɓa. Ɗigon duk caji ɗaya gare su, suna gudun juna, ganye kuwa yana janyo su, har su kewayo bayansa inda ƙwari ke laɓewa.

Saura batun ruwa. Dubi ɗigonsa a kan ganyen zogale, yadda yake dunƙule kamar dutsen ado. Wata fata ce ke riƙe da shi, kuma ƙarfinta ya fi ninki 2 na ta mai. Kafin wuta ta rinjaye ta, sau da yawa ta riga ta tsere cikin iska, tsinin bai tsaya ba.

Ke nan kowane mai zai yi? A'a. Man gyaɗa zalla ba ya barin wuta ta ratsa shi sosai, cajin ba ya isa fatar ɗigo da wuri, sai dai ya yi ta ɗiga. Ruwan rijiya kuwa, saboda gishirin cikinsa, wuce gona da iri yake. Gwargwadon yadda wuta ke ratsa abu, gwargwadon sirancin zaren da ƙanƙantar ɗigon.

Na ƙarshe kauri. Tsoma cokali a zuma ka ɗaga, ka ga yadda take jan zare ba ta son tsinkewa. Mai kauri haka yake jinkirta tsinkewar zaren, ya kuma rage gudun maganin daga kwalba.

Ashe asirin yana cikin kwalbar: mai ne da aka auna fatarsa da kaurinsa da yadda wuta ke ratsa shi, shi ya sa aka riƙa sayar da ita a rufe. Nan kuma gizo ke saƙa, don manomi ba ya iya haɗa nasa, dole ya jira na kamfani. Ranar da kwalba ta yanke a kasuwa, sanda ta koma rataye a rumbu.