Alƙalami tsakanin gidan kaso da aljihun mai kuɗi

A watan Mayu na shekarar 1990, wata uku bayan an harbe ɗalibai a gadar Kennedy ta birnin Yamai, wata jarida mai suna Haské ta fito kasuwa. Ibrahim Cheick Diop ne ya kafa ta. Kafin wannan lokaci, rubutaccen labarin da ɗan Nijar ke samu na Le Sahel ne da Sahel Dimanche, dukansu kuwa na gwamnati ne. Wanda ke son jin abin da aka ɓoye sai ya jira almuru, ya murɗa akwatinsa zuwa sashen Hausa na London ko na Jamus.

Da ƙofa ta buɗe, sai Maman Abou ya fito da Le Républicain a 1991. Taron ƙasa, wanda ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba na shekarar, ya aza harsashin majalisar ƙoli ta sadarwa, wato CSC, domin a samu mai raba gardama tsakanin mahukunta da ƴan jarida. Daga 1994 kuma gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara aiki, irin su R et M da Anfani. A ƙasar da galibin jama'a ba su karanta Faransanci, rediyo ne ya kai wannan ƴanci har rumfunan kasuwar Maradi da ta Damagaram.

Sai dai ƴancin ya zama kamar rigar aro, a ba ka yau, a karɓe gobe. Bayan juyin mulkin Ibrahim Bare Mainasara na 1996, an farfasa kayan aikin rediyon Anfani a 1997, kuma a shekarar aka tsananta dokar aikin jarida. Zamanin shugaba Tanja Mamadu ma ba ta sake zane ba. An tsare Maman Abou a 2003, aka sake ɗaure shi a 2006 tare da abokin aikinsa Oumarou Keita. A shekarar ce jaridu suka yi ta tona badaƙalar kuɗin ma'aikatar ilimin firamare, wadda ta kai ga majalisar dokoki ta tsige gwamnatin Hama Amadu a watan Mayu na 2007. Moussa Kaka, shugaban rediyon Saraounia, ya shafe fiye da shekara guda a tsare, daga Satumban 2007 zuwa Oktoban 2008.

A watan Yuni na 2010 gwamnatin riƙon ƙwarya ta Salu Jibo ta soke ɗauri a kan laifin alƙalami, aka bar tara da diyya. Ranar 30 ga Nuwamban 2011 shugaba Mahamadu Isufu ya sa hannu a kan sanarwar Table Mountain, mai neman ƙasashen Afirka su daina ɗaure mutum saboda ɓata suna, ranar kuwa ta zama ta ƴancin jarida a Nijar. Amma a 2019 ɗaurin ya dawo ta bayan gida, cikin dokar laifuffukan intanet. An sassauta ta a 2022 zamanin Bazum Mohamed, sannan gwamnatin soja ta Janar Abdurahamane Tiani ta maido da ɗaurin a watan Yuni na 2024.

Wannan shi ne marin da kowa ke gani. Akwai na biyu wanda ba a cika faɗa ba, shi ne talauci. Galibin jaridun ƙasar mako-mako suke fita, a Yamai ake buga su, kafin su isa Tawa labarin ya kwana. A ofisoshi mutum ɗaya ke saye, sauran su karanta aro. Talla mai tsoka daga ma'aikatu da kamfanonin gwamnati take zuwa, bakin da ya ci kuwa shi ke jin kunya. Wakilin da wata ya ƙare ba a biya shi albashi ba, da wuya ya mayar da ambulan da aka miƙa masa bayan taro da sunan kuɗin mota.

Nan ɓarna take farawa. Ɗan kasuwar da aka rubuta cewa kayansa na fasa-ƙwauri ne, ba tare da an je an tambaye shi ba, ya yi asarar amanar da ya shekara yana tarawa. Ma'aikacin da aka ce ya ci kuɗin baitulmali saboda abokin gabarsa ya biya a rubuta haka, ko kotu ta wanke shi, maganar ta riga ta shiga gari. Magana zarar bunu ce. Shi ya sa ƙa'idar aikin ta wajabta a tabbatar da labari kafin a buga, a ji ta bakin wanda ake zargi, a raba labari da ra'ayi, a kuma gyara kuskure a fili. Doka ma ta ba wanda aka taɓa damar mayar da martani a cikin jaridar da ta taɓa shi, kyauta.

Marin biyu suna ƙarfafa juna. Duk labarin da aka saya da kuɗi hujja ce a hannun masu cewa ɗan jarida ba ya jin magana sai da gidan kaso. Idan kuma ɗaurin ya zo, ba ya tsayawa a kan maƙaryaci. Wanda ya tono takardar gaskiya shi ne kan fara kwana a ciki, kamar yadda shekarun 2003 da 2006 suka nuna. Daga nan sai kowa ya kama bakinsa, jita-jita ta maye gurbin labari, ɗan kasuwa ya rasa sanin gaskiyar abin da ke faruwa a kan iyaka, ma'aikaci ya rasa inda zai kai kukansa.

Dokar da ta sauya sau huɗu tsakanin 2010 da 2024 tana iya sake sauyawa, wannan yana hannun masu mulki. Abin da ke hannun mai karatu shi ne ya sayi jaridarsa da kuɗinsa, ya ba da tallarsa ba tare da sharaɗin yabo ba, kuma idan an ɓata shi ya nemi martani da diyya. Abin da ke hannun ɗan jarida shi ne ya ƙi ambulan. Wanda bai sayar da alƙalaminsa ba, ranar da aka zo kama shi jama'a za su san dalili.