Aron Mutunci: Yadda Kamfanin Fasaha ke Yin Suna a Kano

Kamfanonin waya da na aika kuɗi ta waya suna zuba maƙudan kuɗi a talla: alluna a titin Zariya, sanarwa a gidajen rediyo, fuskokin 'yan fim. Amma hukuncin da Kanawa ke yanke wa kamfani ba a jikin allo ake yanke shi ba. Ana yanke shi ne a wurare irin su kasuwar waya ta Farm Centre da ke ƙaramar hukumar Tarauni, a bakin mai shago da yaronsa da mai gyara, waɗanda akasarinsu kamfanin bai san sunayensu ba. Kamfani baƙo ne, yakan shigo gari ba dangi, ba wanda ya san asalinsa. Mutuncin da yake fara ciniki da shi aro ya yi daga waɗannan mutane.

Mu fara daga mai saye. Ya taso daga Gyaɗi-Gyaɗi, ko ya yi sammako daga Wudil, da kuɗin da ya daɗe yana tarawa. Ba zai iya buɗe waya ya gane ingancin abin da ke cikinta ba, kuma kwalin jabu da na gaske kamarsu ɗaya. Saboda haka ba ya ɓata lokaci wajen tambayar kamfanin da ya fi. Mutum yake nema: ɗan unguwarsu, ko ƙanin abokinsa, ko wanda suke haɗa sahu a masallaci. Sai ka ji ya ce, "Alhaji, ga abin da ke hannuna, ka zaɓa min wadda ba za ta wahalar da ni ba." Mai shago ya miƙo ɗaya ya ce, "Malam, ɗauki wannan. In ta yi wani abu, ka dawo min da ita." Wannan alƙawari shi ne garantin da mai saye ya riƙe. Takardar da ke cikin kwali, kaɗan ne ke warware ta.

Me ya hana mai shagon tura masa wadda ta fi ba shi riba? Lissafi ne. Ribar waya guda sau ɗaya ake cin ta, mai sayen kuwa za su sake haɗuwa a ɗaurin aure da suna da jana'iza, kuma a bayansa akwai iyali da abokai da su ma wata rana za su nemi waya. Ba a ce kowa a kasuwa mai amana ne ba. Akwai masu cusa wa baƙo jabu, kuma wannan ne ma ya sa sanayya ta yi daraja.

Daga mai shago sai mai gyara, wanda maganarsa ta fi nauyi domin shi ba sayarwa yake yi ba. Shi ya san wayar da batirinta ke kumbura, da wadda in sikirinta ya fashe sai an yi mako ana neman madadinsa. In ya ce "wannan ba ta da kayan gyara," to ta mutu a kasuwa, kome kyan tallarta. Hukuncinsa kan bayyana a farashin ta hannu, domin mutane da yawa suna sayen waya ne da tunanin ranar da za su ba da ita su cika kuɗi su karɓi wata.

Kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, ya fahimci wannan da wuri. Zhu Zhaojiang ne ya kafa shi a 2006, hedikwatarsa na birnin Shenzhen a ƙasar Sin. A wancan zamani Nokia ce ke da suna, kuma in aka ce waya 'yar Caina ce, ba'a ake yi: ga ƙara, ga saurin mutuwa. Transsion ya kawo waya mai layi biyu a lokacin da mutane ke yawo da wayoyi biyu saboda tangarɗar sabis da tsadar kira tsakanin layuka. Ya sa batir mai jure rashin wuta, ya daidaita kamara da baƙar fata, ya sa Hausa cikin harsunan wayar. Waɗannan ake yawan ambata. A ganina abin da ya fi su tasiri shi ne Carlcare, sashen gyara da ya buɗe a 2009, da wadatar kayan gyara a kasuwa. Da su ne mai shago ya samu damar cika alƙawarin "ka dawo min da ita" ba tare da ya yi asara daga aljihunsa ba. Wanda kaya bai ba shi kunya ba, gobe ma shi zai miƙa. A 2019 kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta Shanghai, kuma ba wanda ya kai shi sayar da waya a Afirka.

Wannan tsari na aron mutunci ya girmi waya nesa ba kusa ba. Bayan jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga zuwa Kano a 1912, kamfanonin Turawa masu sayen gyaɗa sun ga ba su da hanyar isa ga manomi sai ta hannun 'yan kasuwar gari. Haka kamfanin Niger ya nemi Alhassan Ɗantata a 1918. Kamfani ya ba wakili kuɗi, wakili ya ba yaransa, su kuma su shiga ƙauye. Manomi bai taɓa ganin Bature ba, wanda ya sani shi ya amince wa.

Yau wannan gurbi 'yan POS ne a ciki. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin kuɗi, ya tura jama'a ga OPay da Moniepoint da PalmPay. Ka ɗauki mai jinya a kusa da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da dare, tana neman kuɗin magani. An cire kuɗi daga asusunta, bai shiga ba. Ba ta da wani ofishi da za ta je a wannan lokaci, yaron da ke ƙarƙashin laima shi ne kamfanin gaba ɗaya. Shi zai ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, zai dawo." In ya san ta, wataƙila ma ya ba ta daga cinikinsa. Idan kuɗin ya dawo da wuri, sunan kamfani ya ƙaru. Idan ya yi kwanaki, yaron za a riƙa yi wa sallama, kuma ba da jimawa ba zai ajiye na'urar ya ɗauki ta wani kamfani, ya kuma faɗa wa abokan sana'arsa dalili. Lokacin da Moniepoint ya samu jarin dala miliyan 110 a Oktoban 2024, darajarsa ta kai dala biliyan 1, wani kaso na wannan daraja haƙurin irin waɗannan yara ne, ko da yake ba ya fitowa a littafin lissafi.

Sai dai ɗan damfara ma ya iya aro. MMM, da ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, da CBEX, da ta ruguje a Afrilun 2025, ba da alluna suka yaɗu ba. Wa ne ya jawo ƙani, aminiya ta jawo aminiya, kuma mai jawowar sau da yawa da zuciya ɗaya ya yi, domin shi ma ya zuba nasa. A nan ne iyakar sanayya take: tana nuna maka cewa mutumin ba zai cuce ka da gangan ba, amma ba ta nuna maka ko kamfanin da ke bayansa na da ƙashi. Bambancin irin wannan harka da ciniki irin na Farm Centre a fili yake. Mai shagon da ya ce a dawo masa da waya yana da ikon canza ta ko gyara ta. Wanda ya ce ka zuba kuɗi za su ninka ba ya riƙe da komai, in abin ya rushe sai dai zumunci ya biya.

Don haka in maganar ajiyar kuɗi ce, bayan an tambayi wanda ya kawo kamfanin, akwai sauran tambaya: yana da lasisin Babban Banki? In na zuba jari ne, ya yi rajista da hukumar SEC? Ajiyar tana ƙarƙashin inshorar NDIC? Tun 2024 hukumar NDIC na biyan mai ajiya har naira miliyan 5 idan bankin kasuwanci ya durƙushe, da miliyan 2 idan ƙaramin banki ne. Waɗanda suka zuba a MMM da CBEX ba su da wannan kariya ko ta sisin kwabo.