Gafiya a Gindin Rumbu: Dabarun Bahaushe na Tsare Hatsi

Daga cikin dabbobin dawa da ke raɓar gidan Bahaushe, babu wadda ta kai gafiya ɓarna. Dabba ce mai yawon dare, tana da wasu 'yan aljihuna a kumatunta inda take cusa hatsi ta kai rami ta ɓoye. Wannan ɗabi'a tata ce ta haifar da karin maganar nan, "Gafiya tsira da na bakinki." Takan gina raminta a gindin rumbu ko ƙarƙashin katanga, galibi da ƙofa fiye da ɗaya.

Illar wannan rami iri uku ce. Ta farko, hatsi yana zurarewa ba tare da maigida ya farga ba. Ta biyu, ruwan damina yakan bi ramin ya jiƙa tushen ginin ƙasa har katanga ta zube. Ta uku, maciji kan gaji ramin, ko ya shiga neman ɓeraye. Bugu da ƙari, binciken likitoci ya tabbatar da cewa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yau, yana yaɗuwa ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera idan suka taɓa abinci.

Maganin da aka fi sani shi ne turara hayaƙi a ramin bayan an toshe sauran ƙofofi, ko ɗana tarko, sannan a cike ramin da ƙaya da duwatsu a yaɓe. Amma wannan ba ya ɗorewa muddin abin da ya jawo dabbar yana nan, domin wata za ta maye gurbinta.

Saboda haka ainihin dabarar tana cikin ginin kansa. Akan ɗora rumbu ko rufewa bisa duwatsu, watau a ɗaga shi daga ƙasa, yadda danshi ba zai kama hatsi ba, kuma duk sabon rami ido zai gan shi, kyanwa ta iya ratsawa. Mata kuma sukan yi daɓe da makuba don ƙasa ta yi tauri, su riƙa share dusa da tsabar da ta zube bayan sussuka.

A taƙaice, Bahaushe bai ɗora wa dabba laifi ita kaɗai ba. Shi ya sa yake cewa, "In ɓera da sata, daddawa ma da wari."